Leda a kabarin Baba Manu

Jama'a, abin da na gani yau a maƙabartar Lafagu ya hana ni cin abinci.

Baba Manu munka kai, tsohon nan da ke zuwa kasuwa da burgaminsa na fata tun zamanin samun 'yancin kai. Bai taɓa karɓar leda ba, har dariya muke masa.

Ana haƙa kabari, sai ledoji baƙaƙe har zurfin ƙugu! Ambaliya ta binne su. Munka kwaɓa ƙasar rufewa, ta ƙi kamawa.

Liman ya ce, "Ku tsince. Ba a rufe bawan Allah da shara."

Gawa na jira cikin rana, muna durƙushe muna tsinta.

Ɗan mamacin ya ɗaga wata leda, ya ce, "Baba zai zama ƙasa, wannan tana nan."

A hanya na sayi burodi. Na zare shi, na bar wa mai shago ledarsa.