Layin da Na Tsallake a Takardar Baba Malam

Assalamu alaikum. Na daɗe ina karanta abin da mutane ke aiko wa wannan shafi, yau dai na ce bari ni ma in sauke nawa kayan. Ba zan ambaci sunan kowa ba, ko na makarantar, domin mutumin da abin ya shafa yana raye, kuma ya rufa mini asirin da ni ban rufa masa ba.

A lokacin ban cika shekara talatin ba. Ni haifaffen Kibiya ne, aka turo ni wata firamare ta ƙauye a ƙasar Rano, can gefen Lausu, a matsayin mataimakin hedimasta. Na zo da sabon babur, da jaka cike da fayil, da kai mai rawa. Allah ya jarrabce ni da son takarda. A ganina duk abin da ba a rubuta aka sa wa hannu ba, to ba a yi shi ba. Ko alli ne ya ƙare sai in rubuta wa hedimasta, alhali teburina da nasa a ɗaki ɗaya suke, in na miƙe ƙafa ina taɓa tasa. Ba a yi wata biyu ba malamai suka laƙaba mini Malam Rubuta-mu-gani, ni kuwa har wani daɗi nake ji, na ɗauka yabo ne.

Abin da ban gane ba shi ne, ofis biyu makarantar take da shi. Akwai namu mai ƙofa da kwaɗo, akwai kuma gindin wata tsohuwar darbejiya a bayan aji shida, inda malamai ke shimfiɗa tabarma lokacin tara, wata baiwar Allah daga ruga ta kawo fura da nono. A nan ake kashe kowace magana. Wanda matarsa ta haihu, wanda zai karɓar wa wani aji ranar kasuwa, wanda za a yi wa canjin wurin aiki, duk a nan ake ji, wani lokaci sati biyu kafin takarda ta iso. Hedimastanmu, dattijo mai sanyin hali, ba ya rubuta wa kowa takardar gargaɗi sai ya fara jan sa gefe a gindin bishiyar nan sun yi magana baki da baki, kuma galibi daga nan ba a ƙara buƙatar takardar. Ni kuwa gani nake zaman gulma ne kawai da shan fura. Sau ɗaya ya taɓa ce mini in riƙa zama ina saurare, domin makaranta da mutane ake tafiyar da ita, na ce to, a raina ina cewa tsohon yayi ne.

A cikin masu zaman akwai malamin aji biyar, wanda kowa ke ce wa Baba Malam. Shekara ɗaya da rabi ta rage masa ya yi ritaya. Shi ne ya fara kawo mini ruwa ranar da na sauka, shi ya nuna mini hanyar da ba ta cin tayar babur da damina. A Rano yake zaune, ni ma a nan na kama ɗaki, don haka ni nake ɗauko shi da safe in mayar da shi in an tashi. Ɗana yake ce mini, bai taɓa kirana da laƙabin nan ba. Ajinsa kuwa ba kamar sauran ba ne, domin kusan rabinsa 'ya'yan makiyaya ne. Shi ya bi rugage da ƙafarsa, da Fulatancinsa da ya koya tun yana yaro, ya zauna da iyaye har suka yarda suka ba shi yaran tun daga aji ɗaya. Ba makaranta suka ba wa ba, shi suka ba wa. Ya yi musu alkawari ba zai ajiye alli ba sai ya ga yaran sun gama aji shida.

Kowa a gindin darbejiya ya san idon Baba Malam ya yi rauni, kuma kowa ya ɗauki wani abu daga cikin kayansa ba tare da an yi taro ba. Wata malama ce ke duba masa littattafan yara, malamin Arabiyya ke cika masa rajista. Ba wanda ya taɓa furta kalmar makanta. Amma iyakar saninsu, da tabarau yana iya karatu. Ni kaɗai na san gaskiya. Wata rana muna kan babur, mun kusa shiga Rano, ya ce in rage gudu. Ya gaya mini hawan jinin ido ne, an duba shi a Kano an ce abin da ya tafi ba zai dawo ba, kuma ya fi shekara ba ya ganin harafi ko ɗaya a littafi. 'Yarsa ce ke karanta masa darasin gobe bayan la'asar har ya haddace, in ya shiga aji sai ya buɗe littafin yana juya shafi don kada yara su gane. Ya yi dariya ya ce ya faɗa mini ne saboda ciki ya gaji da riƙewa shi kaɗai, kuma ya san ni ba mai zaman gindin bishiya ba ne. Wato rashin surutuna ya sa ya amince da ni.

Da hedimasta ya tafi aikin Hajji, riƙon makaranta ya dawo hannuna, kuma a daidai lokacin ne ake tura rahoton ƙarshen zango zuwa ofishin da ke kula da makarantunmu. A cikin fom ɗin akwai wurin da aka ce a bayyana matsalolin ma'aikata. Na duba tsofaffin rahotanni, na ga kullum hedimasta babu yake rubutawa a wurin. Ni kuwa na cika shi har na ƙara da wata takarda. Na rubuta cewa malamin aji biyar ba ya gani, wasu ke yi masa rajista da duba aiki, kuma 'yarsa ke karanta masa darasi a gida yana haddacewa. Na roƙi a duba lafiyarsa a sauƙaƙa masa aiki. Na daɗe ina gaya wa kaina tausayi ne ya sa na rubuta, kuma akwai tausayin. Amma tunda na zo faɗin gaskiya, akwai kuma son a ce sabon mataimakin nan ya san aiki, ba ya ɓoye komai. Abin da ya fi ci mini rai har yau, da safen da na kai rahoton Baba Malam yana bayana a kan babur, jakar tana tsakanina da shi, shi ne ma ya riƙe mini ita. Ban ce masa komai ba.

Sati uku bayan an dawo hutu amsa ta iso. Kafin nan na haɗu da jami'in da ke zagayen duba makarantunmu a bakin wani shagon walda, ya ja ni gefe. Ashe tsohon ɗalibin Baba Malam ne. Ya ce mini ya fi shekara da sanin halin da ake ciki, yakan shiga ajin ya ga yara suna karatu fiye da na wasu masu ido biyu, sai ya fita bai ga komai ba. Amma yanzu magana ta shiga fayil, an buga mata hatimi, ta wuce teburi uku, ba shi da ikon cewa bai sani ba. Ya ce kunne yana iya mantuwa don alheri, fayil ba ya mantuwa. Bai zage ni ba, ya dai dube ni ya hau babur ɗinsa.

Ranar wata Laraba aka ba Baba Malam takardarsa a cikin ambulan, ya sa a aljihu bai buɗe ba. Washegari da aka tashi tara, maimakon ya nufi gindin bishiya sai ya lallaɓo ofis, ya tarar da ni ni kaɗai, ya turo ƙofa. Ya zauna, ya miƙo mini takardar, ya ce ɗana, karanta mini, ka san halin idon. Na karɓa na fara karantawa. An rubuta cewa an ɗauke shi daga aji, zai koma ofis a Rano ya riƙa zama har lokacin ritayarsa, bisa rahoton da makaranta ta aiko. Sai aka jero dalilai, na ukunsu shi ne 'yarsa ke karanta masa darasi yana haddacewa. Duk duniya mutum uku suka san wannan: shi, da 'yar, da ni. Da na iso layin sai na tsallake shi, na wuce zuwa sa hannu, na ninke takardar.

Ya murza carbinsa. Sannan ya ce, cikin muryar da yake yi wa yaro gyara in ya yi tuntuɓe a karatu, in koma in sake, domin wadda 'yarsa ta karanta masa jiya da yamma ta fi wannan tsawo da layi ɗaya.

Ban san lokacin da na sauko daga kujera na durƙusa a gabansa ba. Na karanta layin, na ce ni ne, ni na rubuta. Ya ce ya sani tun jiya, ya zo ne don ya ji daga bakina, saboda ba ya son ya riƙa hawa bayan babur ɗin mutumin da ke jin nauyin haɗa ido da shi, ko da yake shi ba idon gare shi ba. Har da ɗan murmushinsa. Ya ce ban yi ƙarya ba, kuma shi ma ya daɗe yana tsoron ranar da haddar za ta gaza yara su cutu. Abu ɗaya ne ya yi masa ciwo. Da na same shi na ce Baba, ga abin da nake ganin ya kamata, da ya ce in ba shi wata guda ya zaga rugage ya shirya iyaye, sannan ya sa 'yarsa ta rubuta masa takardar neman sauƙi da sunansa, ya fita ta ƙofa da ƙafarsa. Yanzu kuwa an fitar da shi kamar wanda aka kama yana ɓoye wani abu. Ya lalubo kaina ya dafa, ya ce in tashi, malami ba ya durƙuso a ofis, yara za su leƙo.

Abin da ya ji tsoro bai daɗe ba ya faru. Labari ya isa rugage kafin mu, kuma ya isa a karkace, wai an kori Baba Malam. Cikin sati biyu bencin yaran ya zama wayam. Na zauna na rubuta wa iyaye takardar gayyata, kun ji fa, har lokacin ban gama warkewa ba. Ko mutum ɗaya bai zo ba. Baba Malam ne ya aiko a ce mini in zo ranar Asabar da mai a babur. Muka bi rugagen ɗaya bayan ɗaya, yana bayana yana gaya mini inda zan karya tun kafin in ga hanyar. A kowace ruga sai a shimfiɗa mana tabarma, a kawo nono, a yi gaisuwar da ba ta ƙarewa, a tambayi shanu da ruwa da kowa da kowa, sai can ya kama hannuna ya ɗora a hannun maigidan, ya ce ga ɗansa, shi zai ƙarasa alkawarin. Ni da na ja masa wannan, ni yake gabatarwa da ɗansa. Yawancin yaran sun dawo, na roƙi hedimasta ya ba ni ajin, na kai su har suka gama. Amma biyu ba su dawo ba, mace da namiji, iyayensu sun riga sun tura su kiwo wajen dangi. Yarinyar ita ce ta fi kowa ƙoƙari a lissafi.

Gindin darbejiyar nan da ba ya riƙe labari ko na kwana ɗaya, bai taɓa jin wanda ya rubuta rahoton daga bakin Baba Malam ba. Na san malamai sun gane, domin wa ke riƙe da makaranta a lokacin? Amma da wani ya fara zancen sai ya ce a bar kaza cikin gashinta, kuma aka bari. Ni kaina ne daga baya na zauna a kan tabarmar na faɗa, sai malamar da ke duba masa littattafai ta turo mini ƙwaryar fura.

Yau ni ne hedimasta a wata makarantar. Ban daina rubutu ba, domin takarda tana da ranarta, ita ke tsare haƙƙin yaro da na malami in baki ya musanta. Amma ina jan kunnen duk wanda aka ba biro da hatimi, musamman matasa irina na wancan lokaci: maganar da aka ba ka a kunne amana ce, ba a mayar da ita takarda sai da sanin mai ita. Kafin ka rubuta sunan mutum a rahoto, tashi ka same shi, ka faɗa masa da bakinka abin da hannunka zai rubuta. In ka ji ba za ka iya faɗa masa ba, to ajiye biron tukuna.

Baba Malam yanzu ko hasken rana da ƙyar yake bambancewa. Duk Juma'a bayan an sauko nakan je zaurensa in karanta masa abin da ya samu, jarida ko wasiƙar wani tsohon ɗalibi. In na gama sai ya karkato kai ya tambaye ni, da tsokanar nan tasa, ko shi ke nan, ban bar komai ba? Sai in ce ban bari ba, Baba. Kuma wallahi tun daga ranar nan ban ƙara tsallake masa layi ba.