Wayar Firjin Ƙwai a Tumfure

Aikin nan ya ba ni wahala, ba ƙarama ba. Na tsufa ina gyaran rediyo da talabijin a Kasuwar Gombe, amma har gobe ina tuna wata Asabar ta Agustan bara, ranar da siririyar waya ɗaya ta sa ni gumi cikin sanyin damina.

Akwai wani dattijo, Malam Bitrus, malamin makaranta ne da ya yi ritaya, mukan ce masa Baba Tica. Haɗe-haɗen kayan lantarki shi ne nishaɗinsa, a wurina yake sayen dalma, a bencina yake zama ya yi liƙinsa. Ya samu mataccen firji ya mayar da shi injin ƙyanƙyasar ƙwai: fitilu na ba da zafi a ciki, batirin sola na ba su wuta, sai wani ɗan fanel, wato ƙaramin allon lantarki, da ke kashe fitilun idan zafi ya yi yawa.

Ranar nan bayan azahar ya kira ni.

"Malam Sale, ka zo yanzu. Hannuna ya fizgi wayar fanel ta cire. Fitilu sun mutu, ga ƙwai gab da ƙyanƙyashewa."

"Haɗa fitilun da batir kai tsaye mana."

"Dafaffen ƙwai kake so in ci?"

Layinsu a Tumfure ko sandar wuta ba a kafa ba, gidaje ne jefi-jefi cikin masara. Don haka na bar ƙarfen liƙi na lantarki, na ɗauki tsohon ƙarfena mai kan tagulla wanda ake gasawa a gawayi. Tafiyar keke ta ƙi ƙarewa, ni kuwa abin da ke cina daban ne. Na jima ba na ganin ƙananan abubuwa sosai. Ban gaya wa kowa ba. A shago nakan ce wa masu kawo ƙaramin aiki ba ni da lokaci.

Na tarar matarsa, Mama Rahila, tana dafa ruwa a kurfotin gawayi, tana ɗurawa a kwalabe, tana naɗewa da zane tana jerawa gefen ƙwan. Baba Tica ya ɗauki ƙwai ɗaya ya kara mini a kunne. Na ji ɗan tsako yana ƙwanƙwasa daga ciki.

Ga waɗanda ba su san sana'ar ba: ana kankare bakin waya, a shafa mata dalma tukuna, sannan a ɗora ta a gurbinta a taɓa da ƙarfe sau ɗaya, a ɗauke. Gurbin nan bai kai ƙwayar gero ba, kuma akwai wani manne da shi. In dalma ta haɗe su biyun, fanel ya ƙone. Ƙarfen gawayi kuma ba shi da ma'auni, da ya wuce zafi sai ya ɓare tagullar fanel ɗin.

Baba Tica ya cire batir, na sa ƙarfe a wuta, na durƙusa, na leƙa. Gurbi biyun nan suka zama ɗaya a idona. Na goge ido. Haka dai. Ƙarfe ya huce a hannuna, na mayar wuta. Ya sake hucewa.

"Lafiya, Malam Sale?" in ji Baba Tica.

"Haske ne babu."

Ya haska mini tocilan. Babu abin da ya canza. Mama Rahila ta tsaya tana kallona, sai ta cire tabarau daga fuskarta, irin mai igiya a wuya, ta miƙo.

"Sa wannan. Yadda kake ja da kai baya, haka nake yi da allura kafin na saya."

"Mama, na mata ne fa."

"'Yan tsakin za su kai ƙararka ne? Sa!"

Na sa. Wallahi sai ga gurbi biyu, kowanne da iyakarsa, har ƙurar da ke tsakaninsu. Na gwada zafin ƙarfen a guntun dalma, na jingina gwiwar hannu da bakin firji, na riƙe numfashi, na taɓa. Dalma ta kwanta tana ƙyalli. Baba Tica ya mayar da batir, fitilu suka kama. Ban tafi ba sai da na ga fanel ya kashe su da kansa ya sake kunnawa. Duk da haka babu wanda ya san ko sanyin ya riga ya yi ɓarna, haka na koma gida Pantami.

Ku masu tasowa a layinmu, ku ji: a sana'ar nan ido yana tafiya kafin hannu, kuma mai gyara shi ne na ƙarshen yarda cewa wani abu ya lalace a jikinsa.

Washegari da sassafe Baba Tica ya kira kafin su tafi coci. Wayarsa kawai ya kara a bakin firji, na ji 'yan tsaki suna ta ciu-ciu. Ban buɗe shago ba. Na wuce wurin mai tabarau, na ce ya ba ni irin na karatu, amma ban da mai igiya.