Na Kama Sani Yana Leƙen Kwamfutata

Jama'a, yau jini ya zuba a ɗakina!

Kun san yayata Rabi ta gudo daga gidan mijinta saboda duka, mun ɓoye ta a Bungudu. Ta kwamfutata muke hira da ita. To kwanan nan in na dawo aiki sai in ji kwamfutar da ɗumi, alhali a kashe na bar ta.

Yau na yi sallama kamar na tafi, na kai bakin titi na juyo. Ina ɗaga labule sai ga Sani, ɗan kawuna da ya zo daga Tsafe, yana ɗaukar hoton hirarmu da wayarsa!

Na ce, "Mi kaka yi nan?"

Ya ce, "Mijinta ya sa ni. Haƙƙinshi ne ya san inda take."

Ban san sanda na fizge wayar na maka ta da bango ba. Ya kwaɗa mini mari, leɓena ya fashe. Na gantsara masa cizo. Ya shaƙe ni! Inna ta faɗo ɗakin da muciya, ta sauke masa a goshi.

Ta ce, "Fita daga gidana, munafuki!"

Yana fita, jini har riga, ya juyo ya ce, "Ai na riga na tura."

Innalillahi! Nan take na kira Baba, ya bar kasuwa ya ɗauko Rabi. Ko nan Gusau ba su shigo ba mijin ya dira gidan da muka ɓoye ta a Bungudu, da gora a hannu.

Yanzu na sa wa kwamfutar lambar sirri, ko Inna ba ta sani ba. Rabi na gefena tana gasa mini baki.