Abin da ke cin dodon koɗin Buɗe-Jaka

Rabin rayuwarsa a bakin get ya yi ta. Kamfanin sabulu ne, aikinsa kuma guda ɗaya tak: in an tashi, ya tsaya a ƙofa ya duba jakar kowa. Ba gaisuwa, ba tambayar iyali, kalmomi biyu kawai ke fita daga bakinsa, su ne kuma suka bi shi suka zama sunansa har ya yi furfura: Buɗe-Jaka. Ya taɓa zaro sabulu daga cikin burodi, ya taɓa zaro shi daga ƙarƙashin hular wani dattijo, tun daga nan ya yanke wa duniya hukunci cewa duk mai yi masa murmushi akwai abin da ya ɓoye. Wallahi ko jariri ne ya washe masa baki, sai ya fara kallon hannun yaron tukuna.

Abu ɗaya ya taɓa yarda da shi a duniya, shi ma don gilashi ne. Lokacin da manajan kamfanin zai bar aiki, ya bar wani ɗan akwatin gilashi mai ruwan teku a ofis. Kowa ya ce wahala ce, Buɗe-Jaka ya kinkimo shi ya kawo falonsa. Bai fi tsawon hannu ba, da fitilarsa da ɗan injin da ke juya ruwan. A ciki akwai duwatsu masu ramuka, da murjani mai rai da ke buɗewa yana rufewa, da wasu 'yan kifaye biyu, da dodon koɗi masu bin gilashi suna lashe gansakuka. Sai wani jatan lande ja mai farin layi a gadon baya, wanda ke hawa jikin kifi yana tsince musu datti. Shi ne ɗan lelen gidan, Likita yake ce masa. In ya tsoma hannu a ruwa, Likita ya taho da gashin bakinsa zaƙo-zaƙo ya haye yatsunsa yana yi masa sakace a gefen farce, sai ka ga tsohon nan da ba a taɓa ganin haƙorinsa a kamfani ba yana ƙyalƙyala dariya shi kaɗai.

"Ka ga wannan duniyar?" yakan ce wa duk wanda ya shigo. "Ba ta da aljihu. Ta ko'ina ka tsaya kana ganin kowa."

Aikin kuwa ba na rago ba ne. Ruwan famfo ba ya shiga sai an tace shi. Gishirin na musamman ne, ba na miya ba. In zafi ya rage ruwan, da ruwa zalla ake cikawa, don gishiri ba ya bin iska, in ka ƙara mai gishiri ka ƙona su da ransu. Turare, man shafawa, maganin sauro na fesawa, duk guba ne. Kifi yakan jure, amma waɗannan marasa ƙashin, ɗan ƙanshi kaɗan ya ishe su. Ga mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa cikin sabulu, yau ya hana sabulu kusantar falonsa, da ruwa zalla yake dirje hannu har gwiwa kafin ya taɓa ruwan.

Bayan rasuwar matarsa, 'ya'ya kowa ya kama gidansa, sai ƙanwarsa ta dawo wurinsa. Ita ce autarsu, ita ma mijinta ya rasu, kuma duk da tana da jikoki Auta ake ce mata. Ita ke girki, ita ke wanki, ita ta san lokacin shan maganinsa na hawan jini. Ita kaɗai ce kuma a duniya ke iya tsokanarsa ta kwana lafiya.

"Yaya, wai ƙwarin nan naka har yau ba su isa shiga tukunya ba?" takan ce tana shara. "Ga injin nan ya hana mutum sakat, sai ƙugi yake kamar cikin mai yunwa."

Ya sha kunu, ta yi dariyarta ta wuce. Bai taɓa faɗa ba, amma ya sani sarai: in babu Auta, gidan nan daga shi sai ƙugin inji.

A shekarar da abin ya faru ya ƙaro dutse ɗaya daga shagon masu sayar da kayan kifi, ya sake jera komai, akwatin ya yi kyau har maƙwabta na leƙowa. Ba a jima ba, wata safiya ya tarar da katantanwa a kan yashi, ba kowa a ciki, bakinta a ɓantare. Ya ce ajali ne. Da ya ga ta biyu, sai tsohon aikinsa ya motsa.

Ya fara da zargin mai shago. Ya je ya dangwara masa ledar gishiri a kan kanta ya ce an yi masa algus, ya koma wani shagon. Katantanwa ta ci gaba da faɗuwa. Ya koma kan maƙwabcinsa mai janareta, ya ce hayaƙi ne, suka yi ta sa-in-sa ta kan katanga har mutumin ya mayar da injinsa bayan gida don a zauna lafiya. A banza. Ya auna gishiri, ya auna zafi, ya sauya matatar ruwa, komai ƙalau. To in ba ruwa ba ne, ba gishiri ba ne, ba hayaƙi ba ne, ai saura hannu. Kullum da safe yake samun ɓarnar. Wa ke riga shi tashi ta shiga falo? Kai! Ranar da tunanin nan ya zo masa sai da ya yi tsaki ya kore shi. Washegari ya dawo, bai kore shi ba.

Ya ɗaura siririn zare a murfin akwatin. Da safe ya same shi a tsinke.

"Wa ya taɓa murfin nan?"

"Ni ce. Gishiri ya bushe a kai ya yi fari fat, na goge da tsumma. Laifi ne?"

"A'a," in ji shi. "Tambaya ce kawai."

Auta ba yarinya ba ce, ta ga irin kallon da ya yi mata. Daga ranar zolaya ta ragu. Shi kuwa ya shiga shinshinar labule, yana shinshinar tsumman goge-goge, in ta shiga falo da tsintsiya ya laɓe a bayan ƙofa yana leƙe ta kafar makulli, tsoho guda da gemunsa. In ta yi shiru ya ce rashin gaskiya ne, in ta yi magana ya ce wayo ne. Duk wata zolayar da ta taɓa yi ta tukunya da inji ya tattaro su ya jera a ransa, kowace ta zama shaida. Abin takaici, ko sau ɗaya bai kama ta tana yin komai ba face shara, wannan ma sai ya ƙara tabbatar masa da cewa ta iya taku.

Sai aka zo kan Likita. Jatan lande yakan yi saɓa, ya tuɓe ɓawonsa gaba ɗaya ya ɓuya a rami har sabon ya yi ƙwari. Buɗe-Jaka ya san da haka, don haka da ya ga ɓawon yana yawo a ruwa bai damu ba, ya jira. Ya tsoma hannu, ba wanda ya zo. Ya sake tsomawa washegari, shiru. Daga baya ya hango kan Likita shi kaɗai a gindin dutse, gashin bakin na kaɗawa a ruwa. Ya daɗe a durƙushe a wurin, ƙirjinsa na zafi kamar an yi masa rasuwa, don a wurinsa rasuwar ce.

A daidai nan Auta ta fito da mayafinta da jakarta za ta fita.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

"Buɗe jakar nan."

Ta ɗauka wasa ne, har ta fara murmushi. Da ta ga fuskarsa a ɗaure tamau, murmushin ya mutu.

"Ni kake ce wa haka, Yaya?"

"Ke nake ce wa."

Ba ta buɗe ba, kifar da ita ta yi a kan tebur. Tabarau ya faɗo, da makulli, da kwalbar maganinsa da ta ɗauko za ta sake karɓo masa, sai wani ɗan gwangwanin maganin sauro ya gangaro ya tsaya a gabansa.

"Wallahi a ɗakina nake fesawa," in ji ta. "Can ƙuryar gida, ƙofa a rufe, in toshe ƙasan ƙofar da zani. A jaka nake ɓoye shi don na san halinka. Sauro na cinye ni, Yaya. Dubi hannuna."

Bai dubi hannun ba, gwangwanin yake kallo. Allah ya sani, har wani sanyi ya ji a ransa, irin wanda yake ji a bakin get in ya taɓa jaka ya ji tauri.

"Dama na sani," ya ce. "Tun farko kin tsane su."

Auta ta tsince kayanta ɗaya bayan ɗaya, ta bar masa kwalbar maganinsa a kan tebur. Washegari babban ɗanta ya zo da mota. Ya gaishe da kawunsa a tsaye, ya ɗauki akwatin uwarsa, suka tafi.

Buɗe-Jaka ya sauya ruwa, ya wanke yashi, ya sayo sababbin dodon koɗi. Girki ya gagare shi, ya koma shayi da burodi, amma yana gaya wa kansa ai ya yi maganin abin. Ba a rufa mako ba ya sake tsintar katantanwa babu kowa a ciki. Ka san abin da bawan Allahn nan ya yi? Kafinta ya kira ya sauya makullin ƙofa, wai ai da makulli ta tafi! Da sabon makulli, da taga a rufe, da shi kaɗai a gida, katantanwa ta sake faɗuwa. Nan jikinsa ya fara yin sanyi, amma bakinsa bai mutu ba. Ya ce ƙila gubar ta riga ta shiga duwatsu.

Wata rana da azahar hadari ya haɗu ya yi baƙi ƙirin, aka ɗauke wuta. Fitilar akwatin ta mutu, inji ya yi shiru. In ruwa ya tsaya cik halittun ba sa samun iska, don haka ya jawo kujera yana ɗiban ruwan da kofi yana kwararawa, yana ɗiba yana kwararawa, har kafaɗarsa ta gaji. Ya ajiye kofin ya jingina, falon duhu-duhu, ba motsi. A nan ne ya ga wani abu ya leƙo daga ramin sabon dutsen. Hannu ne, mai gashi buzu-buzu, bakinsa baƙi. Ya miƙo a hankali, ya damƙi dodon koɗin da ke wucewa, ya ja shi zuwa bakin ramin. Har ƙas ɗin da ɓawon ya yi sai da ya ji.

"Innalillahi," in ji Buɗe-Jaka.

Ya zura hannu biyu ya tumɓuko dutsen, ya jefa shi a roba, ya kwarara ruwa zalla a ramin. Sai ga ta ta fito a guje tana tafiyar gefe. Ƙaguwa ce, ba ta fi kan babban yatsa ba, ƙiba ta yi mata yawa. A cikin dutsen ta zo, dutsen da shi da kansa ya zaɓa, ya jujjuya a hannu, ya biya, ya rungumo har gida. Da rana tana kwance a rami, in duhu ya yi ta fito aiki.

Ya zuba ruwan gishiri a kwalbar zuma, ya jefa ta ciki, ya huda murfin. Ana tsagaita ruwan sama ya sa hula ya fita.

A bene babban ɗan nata Auta yake zaune. Buɗe-Jaka ya hau yana haki, ya same ta a baranda tana tsintar shinkafa a faranti. Ta rame kaɗan, ko kuwa idonsa ne. Ta gaishe shi yadda ake gaida baƙo, ta sa aka kawo masa kujera da ruwa. Ya ajiye kwalbar a gabanta.

"Ga ta," ya ce. "Ita ce. A cikin dutse take. Da idona na gan ta."

Auta ta sa tabarau, ta ɗaga kwalbar, ta daɗe tana kallon abar tana kartar gilashi da 'yan ƙafafunta.

"Ashe wannan ce ni," in ji ta.

"Auta, ki yi haƙuri. Na yi kuskure. Ɗakinki na nan yadda kika bar shi. Ki fesa abin da kike so, wallahi ba zan ce komai ba."

"Kana shan maganinka?"

"Ina sha. In na tuna."

Ta girgiza kai. Ta ajiye kwalbar, ta ture ta da yatsa zuwa gabansa.

"Haƙuri kam na yi, Yaya. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, ina zan kai ka? Amma tambaya ɗaya zan yi maka, ka gaya mini gaskiya. Na rantse maka ka ƙi ji, na nuna maka hannuna ka ƙi kallo. Da ba ka gan ta da idonka ba, da ka zo?"

Ya buɗe baki. Ƙarya guda ɗaya ce tsakaninsa da komawarta gida, ya san haka, ita ma ta sani. Amma shi mutum ne da ya tsani ƙarya tun yana saurayi, kuma idon Auta na kansa. Ya rufe bakin, ya sunkuyar da kai.

"To ka gani," in ji ta a hankali, ta jawo farantinta. "Ka tsaya a zuba maka abinci ka tafi da shi. Ka riƙe ƙarfen bene in za ka sauka, akwai santsi."