Ƙararrawar da Na Rataye da Hannuna

Shekaru sun sa na manta abubuwa da yawa, har da fuskokin wasu da muka ci tuwo a kwano ɗaya. Amma akwai wata Asabar ta ƙarshen wata, cikin damina, da ba za ta taɓa fita daga raina ba. Ita ce ranar da na kwance ƙararrawar kekena da hannuna a gaban abokaina.

A tsakiyar shekarun hamsin ne, Turawa ba su tafi ba tukuna. Ina matashi, ina aikin akawu mai buga tafireta a wani ofis, ina zaune a Tudun Wada. Mu huɗu ne muka haɗa kanmu saboda son hawan keke kawai, ba fatauci ba, ba neman komai ba. Akwai ni, akwai tela, akwai malamin asibiti, sai Malam, wanda ke koyar da lissafi a makarantar mishan. Malam ya girme mu nesa ba kusa ba, furfura ta fara fito masa. Matattararmu ita ce rumfar Baba mai gyaran keke, a gindin wani durumi. Baba ba ya hawa tare da mu, shi ne alƙalinmu.

Ƙa'idarmu ɗaya ce: kowane wata, kowa ya yi mil ɗari uku. Kowannenmu yana da ɗan agogon mil, bai fi babban yatsa ba, ɗaure a gindin tayar gaba. Duk zagaye ɗaya da tayar ta yi, wani ɗan ƙarfe sai ya buge shi, ƙas, shi kuma yana juya lambobi. Ranar ƙarshen wata da yamma sai mu jera kekuna, Baba ya duƙa ya karanta na kowa, ya rubuta da alli a jikin ƙyauren rumfa. Wanda bai cika ba, sai a kwance ƙararrawar kekensa a rataye ta a ƙusa jikin durumi, ba zai karɓa ba sai watan da ya cika. Wanda ya fi kowa mil a watan, shi ke kwancewa.

Yaran yanzu za su ce ƙararrawa kawai? To, a Tudun Wada ta wancan lokaci, ƙararrawa ita ce mutuncin keke. Mutum ya sha farin wando da guga, ya hau keke yana ƙyalli, sannan ya zo cikin kasuwa yana ihun “gafara dai, gafara dai” kamar mai korar jaki, ai kowa ya san an ci shi.

Wata bakwai a jere ni ke kwance wa mutane ƙararrawa. Kekena daban yake da na kowa. Na saye shi hannun wani Bature da zai koma gida, siriri ne, marar nauyi, ba irin manyan baƙaƙen kekunan da suka cika gari ba. Agogon mil kuwa a kanti na saya a Sabon Gari, irin wanda ake ba kowa, kuma ni na ɗaura abina. Ban taɓa yarda Baba ya taɓa min keken nan ba. Nakan ce masa, “Baba, wannan ba na guduma ba ne.” Shi kuma sai ya ce, “Allah ya ba da haƙuri, Akawu.” Gaskiya ina da kai a lokacin, kuma ina jin daɗin abina. Da zarar na ga na haura ɗari uku da goma, na san na wuce kowa, sai in jingine keke in jira ƙarshen wata.

A watan da ya gabaci wannan Asabar, zazzaɓi ya kwantar da Malam mako guda cur. Ya tashi ya yi ta fama, amma da Baba ya karanta, sai aka ga ɗari biyu da casa'in da biyar. Ni kuwa ɗari uku da goma. Baba ya miƙo min sukudireba. Ban tsaya na yi aikina shiru ba, sai da na yi masa tsiya.

“Malam, mil biyar fa! Ko akuya aka saka ai za ta yi mil biyar kafin hantsi. Ko lissafin ne ya ƙwace maka?”

Tela ya fashe da dariya. Malam ya yi murmushi kawai, ya ce, “Kwance a hankali, Akawu, kar ka goge min fenti.” Wata guda yana wucewa ta ƙofar makarantarsa yana “gafara dai”, ɗalibansa na rufe baki suna dariya. Ni kuwa in na hango shi, da gangan nake kaɗa tawa.

Ranar Asabar ɗin, an tashi aiki da tsakar rana. Saura wa Malam mil ashirin da shida ya cika, ni kuma saura min sha shida. Ya same ni a ƙofar gida ya ce ko zan raka shi hanyar Jos. Na ce me zai hana, in ya gaji ma sai in ja shi da igiya. Muka bi ta unguwar Kongo muka fita daga gari. A wancan zamani akwai duwatsun mil a bakin hanya, an shafe su da farar ƙasa. Da muka kai wanda ke bakin Kongo, Malam ya tsaya ya ce kowa ya duba agogonsa, daga nan za mu ƙirga duwatsu sha uku, sannan mu juyo.

Hanyar ta yi daɗi ranar. An yi ruwa da safe, jar ƙasa ta kwanta, dawa da gero sun rufe ko'ina har ba ka ganin bukkoki sai hayaƙinsu. Ina gaba, ina waiwaye ina ce masa ya taka. Shi kuwa tafiyarsa ɗaya ce, ba sauri, ba tsayawa. A dutse na sha uku muka sauka, a gindin wata ɗorawa. Ya sha ruwa daga gorarsa, ya miƙo min, sannan ya ce, “Akawu, nawa naka ya ƙara?”

Na duƙa na duba. “Sha huɗu.”

“Nawa ya ce sha uku. Duwatsun fa, nawa muka ƙirga?”

“Sha uku. To, agogonka ya tsufa ne, Malam, kamar mai shi. Duwatsun kuma wa ya san yadda aka kafa su.”

Bai yi musu da ni ba. Ya kwance igiyar da ke ɗaure a bayan kekensa, ya zagaya ta jikin tayata ta gaba, ya ƙulle daidai inda ta haɗu. Sannan ya miƙo min ya ce in zagaya ta jikin tasa. Na zagaya. Igiya ta ƙi haɗuwa, saura kusan taƙi guda. Na ja, na sake ja, ta ƙi.

“Karanta abin da ke jikin tayarka,” in ji shi. Na kankare laka da farce, na ga an rubuta inci ashirin da shida, wato girman tayar. Ya ce in leƙa bayan agogon. Na kwanta a ƙasa da farin wandona na leƙa, na ga ashirin da takwas.

Ya yi min bayani kamar yadda zai yi wa ɗan aji uku. Agogon ba hanya yake gani ba, zagayen taya yake ƙirgawa. An yi shi ne don babbar taya irin ta kowa a gari. Tawa ƙarama ce, sai ta zagaya da yawa kafin ta ci hanyar da tasu ta ci. Duk sha huɗun da agogon ya nuna min, sha uku na yi.

Ni akawu ne, ba sai an ƙarasa min ba. Na tsaya riƙe da igiya ina buga lissafi a kaina. Kafin in cika ɗari uku ta gaskiya, sai agogona ya nuna ɗari uku da ashirin da uku. Ban taɓa kai wannan ba. Wato a wata bakwai ɗin nan da nake kwance wa mutane ƙararrawa, ko sau ɗaya ban cika ba. Ɗari uku da goman da na yi a watan jiya ba ta ma kai ɗari biyu da casa'in ba. Mutumin da ya tashi daga zazzaɓi ya fi ni tafiya, kuma ni na tsaya a kansa ina maganar akuya. Kunyar da na ji a wurin ban taɓa jin irinta ba.

Na ce, “Malam, tun yaushe ka sani?”

“Na fara zato wata uku da suka wuce, ranar da muka fita tare muka dawo tare, naka ya fi nawa.”

“To, don Allah me ya hana ka faɗa ranar da nake kwance maka ƙararrawa?”

Ya karɓi igiyarsa yana naɗewa. “In na faɗa ranar, cewa za a yi zafin ƙararrawata ne. Kuma mil biyar ɗin nan, da gaske ban yi su ba.” Ya hau kekensa, ya ƙara da cewa, “Ni ba zan gaya wa kowa ba. Keken naka ne, bakin ma naka ne.”

Muka juyo. Ban ƙara shiga gabansa ba. Hanya duk ina ta saƙe-saƙe, kuma ba zan ɓoye ba, zuciyata ta ba ni shawarar in yi shiru. Ai sai in je Sabon Gari ranar Litinin in canza agogo, magana ta mutu. Malam ba zai buɗe baki ba, na san shi. Amma duk lokacin da muka zo wajen mutane na ji shi a gabana yana cewa “gafara dai”, sai in ji kamar an tsunkule ni.

Da muka iso Kongo, la'asar ta yi. Agogona ya nuna ɗari uku da sha biyu, wanda a idon Baba ya isa har ya yi yawa. A gaskiya kuwa saura min mil goma. Na yi salla a bakin hanya, na ce wa Malam ya wuce, ina zuwa. Ya dubi gabas inda hadari ya haɗu baƙi ƙirin, ya dube ni, ya wuce.

Na juya na koma. Duwatsu biyar zuwa, biyar dawowa, kuma a wannan karon duwatsun nake ƙirgawa, ban ko kalli agogon ba. Ruwa ya same ni a dutse na uku, kamar da bakin ƙwarya. Laka ta cika tsakanin taya da birki, sau biyu ina sauka ina ƙwaƙule ta da kara. Amma na san zan kai, don ƙarfi dai ina da shi, gaskiyar ce ban da ita a baya. Na iso gindin durumi rana na shirin faɗuwa, wandona ya koma ja.

Suna nan cikin rumfa suna jirana. Baba ya goge agogona da tsumma ya karanta, ya ɗaga murya: “Ɗari uku da ashirin da uku!” Tela ya ce, “Kai, Akawu, aljani ne ke tura ka?” Malamin asibiti ya ce yau kam sai an auna min jini. Kowa ya cika a watan, har da Malam, saboda haka babu wanda za a kwance wa. Baba ya ɗauko sukudireba zai mayar wa Malam ƙararrawarsa.

Na ce, “Baba, ba ni.”

Na ciro ƙararrawar Malam daga ƙusa, na goge ta da gefen rigata, na ɗaura masa ita da kaina. Sannan na juya kan kekena na fara kwance tawa. Na rataye ta a ƙusar da tasa ta bari, na ari igiyar Malam, na nuna musu abin da ya nuna min, na gaya musu komai, har da na watan jiya.

Tela ya yi dariya har ya zauna a kan tsohuwar taya yana share hawaye. Ya ce, “Wato sau biyu ɓarawon mil ya kwance min ƙararrawa!” Baba ya girgiza kai ya ce, “Da ka bar ni na taɓa keken nan sau ɗaya, Akawu, da tun ranar farko na gani. Amma ka ce ba na guduma ba ne.”

Malam ya ce ai wannan watan na cika da gaske, kuma kuskure ne ba ha'inci ba, a bar ta wata ɗaya ya isa. Na ce a'a. Wata bakwai na riƙe ta ba bisa haƙƙi ba, wata bakwai za ta kwana a nan. Ya kaɗa ƙararrawarsa sau ɗaya, ya ce, “To, Allah ya ba ka murya.”

Kuma na yi su. Wata bakwai ina ratsa Tudun Wada da “gafara dai”, ina cika ɗari uku kowane wata da sabon agogon da Baba ya ɗaura min da hannunsa. Masu kayan miya a bakin kasuwa har sun riƙa riga ni faɗa in sun hango ni. Abin mamaki, ban ji nauyin hakan ba ko kaɗan, kaina a sama nake tafiya.

Daga baya na riƙe ofisoshi, na yi wa mutane da yawa hukunci a kan aikinsu. Amma tun daga wannan Asabar, duk ranar da ma'aunina ya nuna min na fi kowa, sai na fara gwada shi da na wani kafin in buɗe baki. Kuma ban ƙara yi wa wanda ya gaza dariya ba, domin mutumin da na yi wa dariyar mil biyar ya san nawa sun fi goma, ya tsaya shiru na gama kwance masa ƙararrawa.