Filin Sukuwar da Aka Sa wa Garma

A gidanmu na Greenbelt babu murhu, sai hitar ɗumama falo, ita Kaka ke kira wuta. Bayan magariba takan miƙe ƙafafu a gabanta, ni da ƙannena mu kewaye ta. Tun da Baba ya ɗauko ta daga Katsina take raina komai na Amurka, har ruwan famfo. Mutum ɗaya ce ta cika mata ido, wata tsohuwa maƙwabciyarmu 'yar ƙabilar Ute, cikin mutanen da Turawa suka tarar a ƙasar. Mama ke yi musu tafinta, Kaka ta kwaso labari ta juye mana da nata gishirin.

"Yau babu Gizo," in ji ta wata rana. "Gizo ai yana da wayo. Labarin sakarai zan ba ku."

Wai gwamnati ta killace mutanen Ute a yanki guda, ta naɗa musu wakili. Su kuwa doki ne rayuwarsu. Suna da fili a bakin kogi, nan dawakai ke kiwo, nan samari ke sukuwa. Wakili ya ce dole su koma noma. Ga ƙasa shimfiɗe ko'ina, amma ya kafe sai wannan filin za a sa wa garma. Dattawa suka roƙe shi, ya ce ai dawakan ma sun yi yawa, su harbe wasu.

Nan Kaka ta ja tsaki, don mahaifinta da kiwon doki ya tsufa. "Ku ji mini ɗan nema! Baƙo, jiya-jiya ka sauke kaya, yau kai ne mai koya wa mutane zaman duniya? Da suka harzuƙa sai ya kira soja, kamar yaron da ya tsokano faɗa ya ɓuya bayan uwarsa."

Jini ya zuba ta kowane ɓangare, har da na wakilin. Daga nan aka kori Ute daga duwatsunsu zuwa wata busasshiyar ƙasa.

Na ce, "Kaka, ai ya ga sakamakonsa."

"Ke tafi can. Shi ya huta, su aka bari da wahala."

Ban yarda ba a lokacin, don na saba a tatsuniya mugu ke kwana ciki. Sai da na girma, Kaka ta rasu, aiki ya bi da ni ta kwarin da filin sukuwar nan yake. Na duba allon shiga gari, raina ya ɓaci, na gane abin da take nufi. Masu dawakan an kore su, garin kuwa sunan wakilin aka raɗa masa. Ko ruwa ban tsaya na sha ba.