Kaset ɗin da Ba na Kaka Ba

Ko zan manta komai na ƙuruciyata a Madina, ba zan manta da yammacin da muka taru sauraron kaset ɗin Kaka ba.

A lokacin danginmu na Kano a kaset suke ɗaukar magana su ba mai zuwa. In ya iso, sai a kira maƙwabta a dafa shayi a saurara tare, don kowa yana da gaisuwa a ciki. Yayana, direban wani Bature injiniya a garin Yanbu, shi ya karɓo na Kaka a hannun wani baƙo. Ya miƙa mini, ya wuce kasuwa.

Gidanmu na unguwar Aziziyya ya cika, maza a falo, mata bayan labule. Na ajiye rikoda a bakin ƙofa, na danna. Maimakon tarin Kaka da sallamarta, sai wani abin kiɗa ya fara gurnani, sannan muryoyi suka tashi, maza da mata ba iyaka, wasu na hawa wasu na sauka.

"Waƙar coci ce," in ji wani dattijo maƙwabcinmu, yana duban Baba. "Na san ta tun ina Sabon Gari. A garin Manzon Allah, Alhaji?"

Na kashe da sauri. Baba ya ɗaga labule. "Ke da kika yi makarantar sanawiyya, me suke cewa?"

"Wallahi Baba, ban gane ba."

Nan take kowa ya tuno wani abu. Umma ta ce Yaya ya rage surutu. Wata ta ce ai ta ga sabon agogo a hannunsa, wa ya ba shi? Ni kaina na tuna na taɓa jin yana gunaguni da irin wannan sautin yana wanke ƙafa, amma na haɗiye. Baba ya ce in har abin da ake zato ne, wato ya sauya addini, yaron nan ba zai sake kwana a gidansa ba.

Yaya ya shigo da ledar lemo, ya tarar kowa na kallonsa. Da ya ga kaset a hannun Baba sai ya dafe kai. Ya ce na maigidansa ne. Biyun a mota suke, duk ba rubutu a jikinsu. A ƙasar Baturen, in ji shi, akwai garuruwa uku da mawaƙan majami'unsu suke haɗuwa duk shekara, bana a nan, baɗi a can, tun kafin a yi jirgin ƙasa, kuma yaƙi ne kawai ya taɓa tsayar da su. Kakan Baturen ya yi waƙa a taron, ubansa ya yi, matar Baturen ma ta yi kafin ta rasu. Muryarta tana cikin waɗannan. Kullum a hanyar aiki sai ya kunna, ya yi tagumi.

"Kai kuma kana jin daɗinta?" in ji dattijon.

"Baffa, tuƙi nake yi. Ba zan toshe kunne ba."

Baba ya dube shi. "To ina na tsohuwata?"

"Yana motar Bature."

Umma ta tuntsire da dariya, ta ce yau Bature zai sha faɗan Kaka. Baba bai yi dariya ba. Ya ce Yaya ya fitar da abin daga Madina kafin magariba, ya dawo da na Kaka, halas, magana ta ƙare, ɗakinsa yana nan.

Ya dawo da shi kuwa. Amma dattijon bai zo sauraro ba, bai kuma sake bin Yaya salla ba in shi ya ja mana.

Abin da na koya shi ne, zato ba ya jiran hujja. Kayan da ke gidanka yake tattarawa ya gina kansa. Da na faɗi maganar gunagunin nan ran nan, da ni ce na kori ɗan'uwana.